Rariyar Zalihatu

Ranar Alhamis, sha bakwai ga watan Oktoba, shekara ta dubu biyu da sha tara, ƙarfe biyar da minti hamsin da biyu na yamma, ina tsaye a tashar motocin Tibiri, nan cikin Dogon Dutsi, ina jiran kwalin irin wake da aka ce an sako daga Kore Mairuwa. Na san lokacin daidai domin na duba agogo sa'ad da wayata ta yi ƙara. Tun a lakwal ɗin Mon Per, wato makarantar fadan coci, aka koya mini rubuta sa'ar kowane abu, kuma ban bar halin ba har na kai shekara saba'in da huɗu.

Babu wani kwali. Aikena aka yi don in bar biro, wato ofishinmu.

Kafin in faɗi abin da ke cikin wayar, sai na bayyana rariya.

Ƙungiyarmu ta manoma da makiyaya, wadda muke ce wa Iniyon, tana da akwatunan saƙo sittin da ɗaya a na'ura, kowane wakili da nasa. Ni ne mai ajiyar takardu. Kowane akwati yana da abin da masu sana'ar ke kira filtir, ni kuwa rariya nake ce masa. Idan saƙon banza ya zo, na masu tallar maganin ƙarya ko na 'yan damfara, sai mai akwati ya danna ya ce shara ce. Rariya ta riƙe kalmomin. Gobe in irinsu sun dawo, ta tare su tun daga bakin ƙofa. A hankali rariyar kowa takan ɗauki halinsa, ta san abin da yake so da abin da ya ƙi.

Matata Zalihatu ita ce sakatariyar Iniyon har ta rasu. Mutuniyar wani ƙauye ce bayan Dogon Kiriya. Kakarta Tamo godiyar Doguwa ce, wato iskar tana hawanta. Uwarta ma haka. Zalihatu tana da shekara sha biyar ta ce ita ba za a hau ta ba. Tun daga nan ake kiranta duk Alhamis. Da fari cikin mafarki. Bayan mun yi aure, sai ambulan marar tambari ya riƙa fitowa daga akwatinmu na gidan waya. Shekarar da Iniyon ta sami na'ura, kiran ya koma can.

Ba ta taɓa karanta shi har ƙarshe ba. Sai ta danna, shara. Abin yakan sake kalmomi kowane mako, yau tsamiya, gobe gindin itace, yau akuya, gobe 'yar dabba, ita kuma ta sake dannawa. Sau ɗari uku da sha takwas ta ce a'a. Na ƙidaya. Kafin ta mutu rariyar ta san muryar mai kiran fiye da yadda nake sanin tarin maƙwabcina.

A gadon asibiti ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyarmu za ta gaji akwatin. Kada ka bari a taɓa rariyata. Kada kuma ka gaya mata."

Na cika duka biyun har shekara biyu. 'Yarmu ta fari ta zama sakatariya, ta zauna a kujerar uwarta, ba ta san komai ba. Duk Juma'a da sassafe nakan buɗe kwandon shararta in tarar da saƙo ɗaya, in goge. Sau casa'in da tara.

Sai aka kawo Bilyaminu daga Yamai, ma'aikacin na'ura, mutum mai kirki da furfura kaɗan a gemu, aka ba shi ɗaya daga cikin akwatunan don aikinsa. Ranar Litinin ya zaunar da mu, ni da Darakta Munkaila.

"Baba, duba nan," ya ce mini. "Yanzu rariyar kowa tana cikin nata fayil, sittin da ɗaya, warwatse cikin tsohuwar na'urar ga mai tari awa mai fuka. Zan kwashe su in zuba cikin rumbu guda, baz de done. Hanya biyu ce. Ko in bar sunan kowa bisa nashi, ko in gama su su zama rariya ɗaya ta kowa da kowa. Ta biyun ta hi sauƙi. Wanda bai taɓa koya ma tashi komi ba shi ci albarkacin sauran."

"A gama," in ji Munkaila, idonsa a kan wayarsa. "Ai don haka muke Iniyon."

Na ce, da Mushe ɗin nan na Faransanci da muke girmama juna da shi a biro, "Mushe Darakta, abin da wani ya ƙi, abincin wani ne. Makiyayanmu kullum maganar awaki suke. Matan Tibiri tsamiya suke saidawa. In anka gama..."

"In anka gama sai mi? Akuya ta shigo biro ta ci maka takardu?" Ya yi dariya shi kaɗai. "Mushe Zaidu, da ta kai ce, da har yau da takardar karbon muke aiki. Bilyaminu, wanga tsoho hular kanshi ma lamba gare ta."

"A bar akwatin sakatariya daban. Shi kaɗai."

"Dalili?"

Dalilin yana kan harshena. Ban faɗa ba. Shekara shida Mon Per yana duka da rula a kan yatsun duk yaron da ya ambaci iska a aji. Da na girma malamai suka ɗora daga inda ya tsaya. Aka yi ni mutumin da ya fi tsoron a yi masa dariya a biro fiye da komai. Wannan ne abin da har yau yake ƙona mini ciki, ya fi na Munkaila zafi.

Na ce, "Na marigayiya ne."

Munkaila ya sassauta murya kamar mai lallashin mahaukaci. "To, to. Mu bar ta sai Litinin mai zuwa, mu sake zama."

Ya yi mini ƙarya. Ranar Alhamis ya tura ni tasha.

Na ciro wayar. Wurin sunan mai aikowa babu komai, fari fat. Ƙasa an rubuta:

"Jinin Tamo, an buɗe. Zo gindin tsamiya kafin rana ta faɗi. Akuya baƙa tana hanya. Zo ba takalmi."

A wayata. Ni da ban haɗa jini da Tamo ba.

Na tare kabu-kabu. Ƙarfe shida da minti uku na shiga biro. Bilyaminu yana zaune gaban sabuwar na'ura da kofin shayi, fuskarsa wasai.

"Baba, an gama! Minti huɗu kacal. Kalma dubu ɗari biyu, ko guda ba ta ɓace ba."

"Ina sakatariya?"

"Ta hita yanzu. Na yi mata magana ba ta amsa ba."

Takalmanta suna ƙarƙashin tebur, a jere, kamar na mai shiga masallaci. Mayafinta a kan kujera. Allon na'urarta a buɗe, saƙon yana kai.

Na kama wuyan rigar Bilyaminu. Ban taɓa yi wa mutum haka ba.

"Ka san abin da ka yi? Mace guda ta ce a'a shekara shida. Ka zuba ta cikin mutum sittin masu cewa i!"

"Baba, sake ni... wane saƙo ne wanga? Ni ma ga shi a nawa." Ya duba na'ura, ya sake dubawa. Muryarsa ta ragu. "Akwati ɗaya anka aiko ma. Guda ɗaya. Amma shina cikin na kowa. Sa ne pa posibil, ba ta yiwuwa."

"Mai da su yadda suke. Kowa da tashi. Yanzu!"

Ban tsaya jin amsarsa ba. Ofishin Darakta a rufe yake, fanka tana juyawa a ciki. Ban buga ba. Da na buga da mari zan fara.

A waje yashi ya nuna mini sawu. Ƙafa tsirara, ƙarama, babban yatsan ya ɗan karkace irin na uwarta. Sawun bai bi titi ba. Ya ratsa bayan gidaje ya nufi gindin dutse.

Na wuce gidan ƙarshe. Wata mata tana daka, hayaƙin kara yana tashi daga murhunta. Na tambaye ta, ta nuna da haɓa, ta ja 'ya'yanta ciki ta rufe ƙofa.

Gonaki. An yanke hatsi makon da ya wuce, karan yana tsaye ba kai, yana kartar hannuna. Dutsen ya tsaya a gabana, ja daga sama, baƙi daga ƙasa. Rana ta taɓa bakinsa.

Ƙarfe shida da minti sha tara. Na duba. Ko a nan sai da na duba.

Kusa da sawun 'yata sai na ga wani sawu. Kofato. Ya fito daga cikin kara ya bi nata, taku bisa taku.

Can baya ladani ya fara kiran magariba. Na ji Allahu Akbar na farko. Na biyun ya zo siriri, kamar ta cikin tulu. Na ukun ban ji ba.

Gyare ya yi shiru.

Wari ya zo. Nono mai tsami, wanda ya kwana uku cikin ƙwarya. Da gashin akuya jiƙaƙƙe. Ba a yi ruwa ba kwana ashirin.

Sai wani sauti, ƙas, ƙas, ƙas. Kamar ana buga ƙwarya da tsinke, a hankali, babu gaggawa.

Na fito daga cikin kara. Tsamiyar tana bakin wani busasshen kwari. Na san ta tun ina yaro. Gindi ɗaya gare ta.

Yau biyu.

'Yata tana durƙushe a tsakaninsu, bayanta gare ni. Kanta ba kallabi. Akuya baƙa tana tsaye gefenta, ba igiya, ba ta ko motsa kunne.

Na bi gindi na biyu da ido. Ya hau. Ya wuce rassa. Ya wuce ganye. Can sama ya lanƙwaso, ya dawo ƙasa ta ɗaya gefen, kuma a ƙarshen lanƙwasar akwai abin da ke rataye daidai kan 'yata. Gashi ne ya rufe shi. Ba zan rubuta fiye da haka ba.

Hannu ya sauko. Yatsun suna da gaɓa da yawa. Su ne ke yin ƙas, ƙas.

Ya dafa kafaɗarta ta hagu. Na ga kafaɗar ta faɗi kamar an zare mata ƙashi.

Na buɗe baki. Abin da ya fito abin kunya ne. Rabin addu'ar Mon Per da Latin, rabin Ayatul Kursiyyu, suka sarƙe, na rasa kan kowace.

Aka yi dariya, ƙasa-ƙasa. Daga cikin ganye ta fito, daga cikin kwari, daga bayan kunnena.

"Ɗan lakwal," aka raɗa. "Kai ke shafe mini saƙo."

Tsoro ya kamata in ji. Fushi na ji. Fushin shekara arba'in da na kwana kusa da mace mai firgita duk Alhamis.

"Uwarta ta ƙi ki!"

"Uwarta." Ƙas. "Ita wagga ba ta ƙi ba. Ba a taɓa tambayarta ba."

Gaskiya ce. Mu muka hana a tambaye ta.

"Ke!" na yi ihu. "Ke! Sakatariya! Tashi!"

Ba ta juyo ba.

'Yar fari ce. A wurinmu uba ba ya kama sunan ɗan fari. Shekara talatin da huɗu ina ce mata ke, ina ce mata yarinyar ga, a biro in ce sakatariya. Ko a takarda harafin farko kawai nake sawa. Ba ta taɓa jin sunanta daga bakina ba.

Hannu na biyu ya fara saukowa.

"Marwa."

Ya fito a shaƙe, kamar tari.

"Marwa! Marwa, ɗiyata!"

Kanta ya juyo a hankali. Idonta a buɗe, babu kowa ciki. Sai ya kaɗa.

"Baba?" Da ƙyar na ji. "Kai ne ka...?"

"Ni ne. Ce a'a."

"Ta ce tun da daɗewa take nemana. Ta ce Inna ta ɓoye ni."

"Ta ɓoye ki. Ni ma na ɓoye ki. Ki zage ni gobe. Ce a'a!"

Gashin ya sauko har ya taɓa goshinta. Warin nono ya cika mini baki.

Leɓenta ya motsa. Ba sauti.

Ya sake motsawa.

"A'a."

Ƙas ɗin ya tsaya.

Na ruga, na cafki hannunta na dama, na ja. Na hagun yana lilo kamar tsumma. Muka faɗa cikin kara. Ban waiwaya ba. Ina jiran yatsu a wuyana.

Ba su zo ba.

Abin da ya biyo mu raɗa ce, kusan da fara'a.

"Ku tahi. An amsa mini."

Ban gane ba sai da muka yi taku kamar ɗari.

Wani yana tahowa ta cikin kara. Farar shadda, hula a karkace, wayarsa a hannu tana haska masa haɓa. Ƙafarsa ba takalmi, ƙaya ta fasa ta, bai sani ba.

Munkaila.

Ya zo daidai mu. Hanyar siririya ce, kafaɗarsa ta goge tawa.

"Mushe Darakta," na ce.

Bai dube ni ba.

Hannuna ɗaya yana riƙe da Marwa, ina tallafe da ita. Ɗayan babu komai cikinsa. Zan iya kama rigarsa. Zan iya kiran sunansa kamar yadda na kira nata, sau uku, da ƙarfi.

Sau ɗaya na kira. Da muƙaminsa. A hankali.

Na rubuta wannan don shi ma ya faru, ƙarfe shida da minti talatin da ɗaya.

Ya wuce. Can gaba akuya ta yi kuka sau ɗaya, kamar mai yi wa baƙo maraba.

Kafin isha'i muka kai biro. Bilyaminu ya riga ya dawo da rariyar kowa daga kwafin da ya ajiye, kowace da sunan mai ita. Ya juyo mini da allon. Cikin mutum sittin da ɗaya, mutum ɗaya ya mayar da amsa, ƙarfe biyar da minti hamsin da uku. Munkaila yana da hali, duk saƙon da ya shigo sai ya amsa kafin ya karanta, don a ce Darakta ba ya barci a kan aiki. Kalma uku ya rubuta da Faransanci, waɗanda yake rubuta wa kowa, ma'anarsu: na samu, na gode.

Na tara maza shida da fitilu, amma da suka ji inda za a, babu wanda ya wuce gidan ƙarshe. Da safe wani makiyayi ya same shi zaune a bakin kwari, da rai. Gefen hagunsa ya mutu daga ido zuwa ƙafa. Likita ya ce hawan jini ne. Na bar likita da maganarsa.

Rariyar Zalihatu ta koma aiki, tana tarewa kamar da. Amma ɗan lokacin nan da rariyoyin suka yi a game ya isa. Tun daga ranar kiran yana zuwa akwatin kowa duk Alhamis, kuma sauran rariyoyin ba su san muryar ba. Dole kowa ya koya wa tasa da yatsansa, mako bayan mako. Na tara wakilai na gaya musu komai, tun daga Tamo. Babu wanda ya yi dariya. Da na san haka zai kasance da na faɗa ranar Litinin, kuma wannan sanin bai rage mini komai ba sai barci.

Da yawa sun rufe akwatunansu sun koma aiken baki da mota. Ga waɗanda suka rage, kamar yadda na rubuta a ƙarshen shekara:

Sanusi na Kore Mairuwa, wanda ya ce shi ba ya karanta komai dama.

Habiba, shugabar matan Tibiri. Ta daina sayar da tsamiya.

Makiyaya huɗu na wajen Dogon Kiriya. Sun ce sun san mai kiran tun kafin mu, kuma sun san yadda ake wucewa ba a gaishe ta ba.

Bilyaminu. Ya koma Yamai, amma ya roƙa a bar masa akwatinsa, ya ce gara ya ga kiran a na'ura da ya gan shi a wani wuri.

Munkaila, a gidan ƙaninsa, a kan tabarma. Nakan je ranar Lahadi in zauna. Ba ya magana. Da idon da ya rage yake kallona, kuma ya san sau nawa na kira shi.

Marwa. Hannun hagun bai dawo ba, da dama take bugawa. Ta sa an cire rariyar uwarta daga akwatinta, an ajiye gefe, ta fara tata daga farko. Duk Alhamis takan karanta saƙon har ƙarshe, sannan ta danna da kanta.

Ni, Zaidu. Yanzu ina kiran sunanta, a gida da biro, gaban kowa. Takan ɗago ta ce, "Na'am, Mushe."